Faifan da na tsinta a akwatin Baba: ya aka yi wannan waƙa ta mamaye Ingila a 1967?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya muna gyaran ɗakin marigayi Baba sai na ci karo da wata akwatin ƙarfe cike da fayafayan garmaho. Yawancinsu na Shata ne da Ɗan Maraya da wasu na Indiya, amma akwai wani ƙarami guda ɗaya na Turawa, an rubuta Deram a tsakiyarsa, sunan ƙungiyar Procol Harum, waƙar kuma A Whiter Shade of Pale. Umma ta ce da shi ya dawo daga karatu a Ingila, kuma har ya tsufa in ya kunna shi ba ya son a yi masa magana. Na nemo waƙar a YouTube na saurara sau biyar. Kiɗan ya shige ni, ba ƙarya, amma kalmomin ban gane ko ɗaya ba duk da ina jin Turanci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wai ita ce waƙarsu ta farko, ba wanda ya san su, amma ta zama lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin da aka fi saya a Ingila. Ta yaya? Talla ce, sa'a ce, ko kuwa akwai wani sirri a kiɗan?

Kawu_Garmaho:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, ka riƙe faifan nan da kyau. An fitar da shi ranar 12 ga Mayu 1967, ya hau lamba ɗaya ranar 8 ga Yuni, wato ko wata guda bai cika ba, ya kuma yi mako shida a wurin ba wanda ya ture shi. Sai da shahararriyar ƙungiyar Beatles da kansu suka zo da All You Need Is Love a watan Yuli sannan ya sauka. A Amurka lamba biyar ya kai. Wanda ke rera waƙar Gary Brooker ne, shi ne kuma a kan fiyano, yana da shekara 21 lokacin. Kalmomin wani yaro ne ya rubuta, Keith Reid, wanda ba ya kaɗa komai ba ya rera komai, amma ana lissafa shi cikin 'yan ƙungiya. Wannan sautin da ka ce ya shige ka kuwa, ogan ce ƙirar Hammond, mai kaɗa ta Matthew Fisher. Ka riƙe sunan nan na ƙarshe, don rigima na nan tafe a kansa.

Zee_Kaduna:
Sadiq, kada ka damu da rashin gane kalmomin, su ma masu yaren ba su gane ba 😂 Shekara hamsin da ɗoriya suna musu a kai.

Sadiq_Fagge:
Haba Anti Zee, to me suka saya kenan?

Zee_Kaduna:
Abin da muke saya a waƙar Indiya mana. Mu nawa ne muka san abin da ake faɗa, amma ga mu muna hawaye.

Injiniya_Bala:
Ni ta fannin sana'ata zan shigo, gyaran kayan sauti nake yi. Sirrin da Sadiq ke tambaya rabinsa yana cikin na'urar ne. Ogan ɗin Hammond ba irin fiyanon situdiyo na yanzu ba ce da kwamfuta ke ajiye sauti a ciki. A cikinta akwai ƙananan ƙafafun ƙarfe masu haƙora da inji ke juyawa a gaban maganaɗisu, kowace ƙafa da muryar da take bayarwa. Sannan akwai wasu sanduna da makaɗi ke ja ko turawa ya cakuɗa muryoyin yadda yake so, kamar mai haɗa yaji. Tun 1935 aka ƙera ta, kuma coci-coci aka fara nufa da ita, waɗanda ba su da kuɗin sayen babbar ogan mai bututu. Galibi kuma ana haɗa ta da sifikar Leslie, wadda ƙahonta ke juyawa a cikin akwati, shi ya sa kake jin sautin yana zuwa yana komawa kamar ana karkaɗa shi. To ka ga Bature da ya tashi yana jin wannan murya a wurin ibada da ɗaurin aure da jana'iza, kwatsam ya ji ta a rediyo ƙarƙashin muryar wani yana rera waƙa irin ta baƙaƙen Amurka. Dole ya tsaya.

Malam_Nuhu_ABU:
Injiniya ya yi daidai, bari in ƙara ɗaya rabin. Ka sake saurara, Sadiq, amma wannan karon ka bar ogan ka bi jitar bes, mai kaurin murya. Za ka ji tana saukowa mataki-mataki kamar mai sauka daga bene, in ta kai ƙasa ta koma sama ta sake saukowa. Wannan salo na Bach ne, makaɗin Jamus da ya rasu a 1750, kuma Brooker bai taɓa ɓoye cewa wani kiɗan Bach da ake kira Air on the G String ne ke yawo a kansa lokacin da ya zauna gaban fiyano ba. Ba kwafa ya yi ba, bayan 'yan matakai kaɗan hanyarsu ta rabu. Amma kunne ya riga ya ji ƙamshin tsohon abu. Shi ya sa waƙar ta zo wa mutane kamar sun daɗe da saninta alhali ranar suka fara ji.

dan_Maradi77:
Wato satar fasaha ce aka sa mata riga. In da a nan ne da tuni an ce ɓarawon kiɗa.

Malam_Nuhu_ABU:
@dan_Maradi77 a'a ɗan'uwa. Wanda ya gina ɗaki a kan tsohon harsashi ba a ce ya saci gida. Kuma Bach ya fi shekara 200 da rasuwa a lokacin, kiɗansa ya zama na kowa.

Kawu_Garmaho:
Ku bar Bach ya huta. Duk daɗin kiɗa in ba a ji shi ba, a ina za a saya? Amsar tambayar Sadiq tana kan teku. A wancan lokacin BBC ce kaɗai ke da izinin rediyo a Ingila, kuma akwai ƙa'ida da ta taƙaita awannin da za ta sa faifai, saboda ƙungiyar makaɗa na tsoron faifai ya kashe musu aiki. Sai wasu suka ɗora tashoshi a kan jiragen ruwa suka tsaya can wajen iyakar ruwan ƙasar, suna watso waƙoƙin matasa dare da rana. 'Yan fashin teku ake ce musu. Manyansu su ne Radio Caroline da Radio London. Furodusan waƙar nan, Denny Cordell, yana shakkar yadda sautinta zai fita a ƙaramar rediyo, sai ya aika wa Radio London kwafin gwaji tun kafin a buga faifan. Suka sa, masu sauraro suka yi ta tambaya wace waƙa ce wannan, ina ake samunta. Kafin faifai ya iso shago an riga an yi masa layi.

Abin tausayi, wata uku bayan fitowar faifan gwamnati ta kafa dokar da ta haramta waɗannan tashoshi. Radio London ta rufe ranar 14 ga Agusta 1967, BBC kuma ta buɗe Radio 1 ranar 30 ga Satumba ta kwashe da yawa daga ma'aikatan jiragen. Da waƙar ta makara da 'yan watanni, wa ya san yadda za ta kasance.

Hajiya_Mairo_Leeds:
Kawu ka tuna mini. Maƙwabciyata a nan wata tsohuwar Baturiya ce, ta haura saba'in da biyar. Ranar da na ji tana sa waƙar nan na tambaye ta ma'anarta, sai ta yi dariya ta ce ita ma ba ta sani ba, abin da ta sani shi ne a ƙarƙashin bargo take ɓoye rediyo ta ji ta don kada mahaifinta ya kama ta. Ta ce da ita aka yi rawar bikinta, kuma ta bar wasiyya a sa ta ranar da za a kai ta. Na ce ikon Allah, waƙa ɗaya ta yi biki ta yi makoki.

Abu_Hafsat:
Jama'a a ji tsoron Allah. Zamanin da kuke yabo zamanin shaye-shaye ne. Kalmar saikedelik ɗin ma, da ake kiran salon kiɗan zamanin da ita, daga ƙwayar LSD ta samo tashe. Me za mu ƙaru da shi?

Admin_Rabi:
Malam Abu Hafsat, mun gode da tunatarwa. Tarihi ake tattaunawa, ba wanda ya ce a sha wani abu. A ci gaba cikin mutunci don Allah.

Malam_Nuhu_ABU:
Gaskiyar Malam ce cewa ƙwaya ta yi yawa a tsakanin makaɗan Landan a shekarun nan, har Ingila ta haramta LSD a 1966. Amma shi Reid ya sha faɗa cewa daga littattafai hotunan waƙarsa suka fito, kuma labarin namiji da mace ne a wani dare na shagali da ya ƙare da rabuwa. Sunan waƙar ma a wurin wata walima ya tsince shi, ya ji ana gaya wa wata mata cewa fuskarta ta yi fari fat. Dalilin da ya sa ba a gane labarin ba kuwa mai sauƙi ne: baiti huɗu ya rubuta, biyu kawai aka ɗauka. Faifan inci 7 da rediyo ba sa son doguwar waƙa, a haka ma ta kai minti huɗu, wanda ya yi tsawo a ma'aunin lokacin. Ka ɗauki labari ka yanke rabinsa, abin da ya rage sai ya zama kamar mafarki: ɗaki yana juyawa, rufi ya tashi sama, ga 'yan mata goma sha shida sun nufi bakin teku. Masana suka yi ta cewa ai ambaton mai niƙa da ke cikin amshin daga littafin Chaucer, tsohon marubucin Ingila, ne, shi kuwa marubucin ya ce bai taɓa karanta Chaucer ba.

Zee_Kaduna:
Wato almakashi ne ya mai da shi gwani 😂

Ummi_Sokoto:
Ni fa sunan ƙungiyar ne ya dame ni. Procol Harum. Har na ɗauka haram suke cewa.

Kawu_Garmaho:
'Yata, sunan kyanwa ne. Guy Stevens, wanda ya fara riƙe su, shi ya ɗauko sunan daga wata kyanwar abokinsa. Daga baya aka yi ta ƙoƙarin fassara shi da Latin, amma asalinsa mage ce.

Ummi_Sokoto:
Innalillahi. Mage ta shiga tarihi ni ina nan.

SaniBeat_Zoo_Road:
Ku yi haƙuri in dawo da ku kan maganar da Kawu ya ce a riƙe, don ita ta taɓa ni. Ni makaɗin fiyano ne a situdiyo, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Matthew Fisher ta tallar jarida ya shigo ƙungiyar, a Melody Maker. Ya tarar da waƙa an riga an tsara, ya ɗora mata wannan karin ogan da ke buɗe ta, wanda yau in ka ce wa mutum ya tuno waƙar shi zai fara yi da baki, ba kalmomin ba. Amma a jikin faifai sunaye biyu ne: Brooker da Reid. Sadiq duba naka ka gani. Ya bar ƙungiyar a 1969, daga baya ma ya koma aikin kwamfuta. Sai a 2005 ya kai ƙara. A 2006 babbar kotu ta ce yana da kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan, amma kuɗi daga lokacin da ya shigar da ƙara za a fara lissafa masa, na baya sun wuce. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta ce e, da hannunsa a waƙar, amma ya yi shiru shekara 38, don haka ba shi da kuɗi. Bai haƙura ba, ya wuce Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ranar 30 ga Yuli 2009 suka dawo masa da haƙƙinsa.

Abin da ya sa nake ba da labarin nan da zafi: akwai waƙar da na yi wa wani mawaƙi kiɗa, ba zan kama suna ba. Da baki ya zo mini da ita, ko kari bai daidaita ba. Ni na ƙirƙiro ɗan busar da ke farkonta, wanda har a wayoyin mutane nake ji in an kira su. An biya ni kuɗin zama na yini ɗaya, shi ke nan. Shi yana hawa mota, ni ina hawa Adaidaita.

Barista_Hauwa:
Malam Sani, na tausaya maka, amma bari in tsaya wa Brooker kaɗan. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Mutum ya yi shiru kusan shekara arba'in, ya ci gaba da aiki da ku, har ya dawo ƙungiyar a shekarun 1990 kuka yi faifai tare, sai bayan shaidu sun tsufa wasu sun mutu, shi kansa Cordell ya rasu a 1995, sannan ya ce a raba. Wa zai tuna abin da aka yi a ɗaki ɗaya a 1967? Sannan in aka buɗe wannan ƙofa, duk wanda ya taɓa kaɗa wani abu mai daɗi a faifan wani zai iya tasowa. Abin da dattawan suka tsaya a kai shi ne, haƙƙin mallaka dukiya ce, kuma dokarsu ba ta sa wa'adin neman irin wannan haƙƙi ba, jinkirin kuma bai cuci su Brooker ba, hasali ma su suka ci ribarsa tunda su ke karɓar kason nasa duk tsawon shekarun. A doka sun yi daidai. A zumunci kuwa an yi asara.

SaniBeat_Zoo_Road:
Barista, da girmamawa, shirun talaka ba yafiya ba ne. Wani lokaci ba shi da kuɗin lauya ne, wani lokaci kuma yana tsoron a daina kiransa aiki.

Barista_Hauwa:
Ban musa ba. Shi ya sa nake gaya wa irinku ku rubuta yarjejeniya kafin ku taɓa fiyano, ko da a bayan takardar rasit ne.

dan_Maradi77:
To in haka ne makaɗan kalangun Shata su ma suna da kaso kenan? Da 'yan amshi? Ai ba za a gama ba.

Kawu_Garmaho:
@dan_Maradi77 tsarin ba ɗaya ba ne. Makaɗan gargajiya a fili ake yi musu kari, a dawo gida maigida ya raba wa yaransa, kuma yana ɗauke da ɗawainiyarsu. Can kuwa kuɗin yana biyo sunan da aka rubuta a takarda ne, duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko fim ko talla, har bayan mutuwar mai ita. Wanda ba sunansa ba ya ganin ko sisi. Kuma fa ba Fisher kaɗai ba ne. Gangar da kuke ji a faifan ba mai gangar ƙungiyar ne ya kaɗa ba. A situdiyon Olympic da ke Landan aka ɗauka, Cordell ya kirawo wani makaɗin jaz, Bill Eyden, ya yi aikin, aka sallame shi da kuɗin zama irin na Sani. Shi kuma Bobby Harrison, mai gangar ƙungiyar, da Ray Royer mai jita, waƙa na tsakiyar tashe aka rabu da su, aka kawo B.J. Wilson da Robin Trower, tsofaffin abokan Brooker daga ƙungiyarsa ta farko, Paramounts. Nasarar ta zo musu da sauri fiye da yadda suka shirya.

Aliyu_Tarihi:
Ni lissafin kwanakin nake yi tun ɗazu. Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu 1967, Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. Wato duk makonnin da waƙar nan take lamba ɗaya, mahaifin Sadiq yana ƙasar mutane yana jin labarin gida na wargajewa. Ban san zuciyarsa ba, amma ina ganin ba Bach yake ji ba in ya kunna faifan nan ya ce kada a yi masa magana.

Sadiq_Fagge:
Yaya Aliyu ka sa jikina ya yi sanyi. Ƙaninsa soja ne, kuma bai dawo daga yaƙin ba. Wallahi ban taɓa haɗa abin ba sai yanzu.

Hajiya_Mairo_Leeds:
Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya sa Aljanna ce makoma.

Admin_Rabi:
Amin ya Rabbi.

Injiniya_Bala:
Amin. Wani ƙarin bayani ga mai sha'awa: Deram ɗin da ke jikin faifan reshen kamfanin Decca ne, sun buɗe shi a 1966 don irin waɗannan sababbin kaɗe-kaɗe. Decca ɗin nan dai ita ce ta Legas da ta buga fayafayan makaɗan Najeriya da yawa. Kuma guguwar ta iso mu bayan yaƙi, ku nemi ƙungiyoyin BLO da Ofege ku ji yadda yaran Legas suka juya salon ya zama nasu.

Musa_Chart:
Na makara amma bari in jefa tawa. Kada mu ɗauka lamba ɗaya ita ce ma'aunin inganci. A farkon shekarar nan ta 1967 Beatles suka fitar da Strawberry Fields Forever haɗe da Penny Lane a faifai ɗaya, wanda masana da yawa ke cewa ba su taɓa yin kamarsa ba, amma a lamba biyu ya maƙale, Engelbert Humperdinck ya tare hanya da Release Me, waƙar da iyaye mata ke saya. Sannan jadawalin lokacin ba kamar na yanzu ba ne. Jaridun kiɗa irin su NME da Melody Maker da Record Retailer kowacce da nata, daga rahoton wasu shaguna ƙalilan suke haɗawa. Sai a 1969 aka samu tsari guda da BBC ta shiga ciki. Don haka ni a wurina abin mamaki ba mako shidan ba ne. Abin mamaki shi ne a 1977 an ba ta kyautar waƙar Birtaniya mafi kyau ta shekara 25 tare da Bohemian Rhapsody ta ƙungiyar Queen, a 2009 kuma aka bayyana ta a matsayin wadda aka fi sawa a wuraren taruwar jama'a a ƙasar cikin shekara 75. Waƙarsu ta biyu, Homburg, lamba shida ta kai, kuma ba su sake hawa lamba ɗaya a Ingila ba.

Zee_Kaduna:
To Musa ai ka dawo da mu farko. In ba jadawali ba ne, ba kalmomi ba ne, mene ne?

Musa_Chart:
Lokaci ne, Anti. Ta fito ana saura 'yan makonni Sgt. Pepper, kundin waƙoƙin Beatles, ya fito, kunnuwa a buɗe suke, kowa na jiran baƙon abu.

SaniBeat_Zoo_Road:
Ogan ce. Ku cire ta ku saurara ku gani in za ku kai ƙarshe.

Malam_Nuhu_ABU:
Ku cire muryar Brooker ma ku gani. Annie Lennox ta sake rera ta a 1995, ta yi kyau, amma ba ita ba ce.

Kawu_Garmaho:
Ku cire jirgin ruwa ku gani in za ku san da ita balle ku yi musu.

Sadiq_Fagge:
Na duba faifan kamar yadda Malam Sani ya ce, sunaye biyu ne kuwa, babu Fisher. Na gode muku duka. Yanzu matsalata garmahon Baba yana juyawa amma allurar ta karye, kuma Umma ta ce tana so ta ji shi daga faifan ba daga waya ba. Injiniya, ana samun irin allurar nan a Kano kuwa?

Injiniya_Bala:
Turo mini hoton kan allurar ta inbox, da lambar da ke jikinsa in akwai. Kafin nan kada ka goge faifan da tsumma, kuma ka tabbata ka mai da saurin kan 45, ba 33 ba.